Yadda Ake Gina Sassaƙen Da Ake Shiga Cikinsa: A Taɓa, A Kaɗa, A Sansana

Aikin sassaƙa da aka saba gani, bisa dakali ake ɗora shi, a kewaye shi da igiya, a maƙala takarda cewa kar a taɓa. Akwai wani reshe na sassaƙar zamani da ya ƙi wannan tsari. Lygia Clark ta ƙasar Barazil, a 1960, ta riƙa haɗa fallayen ƙarfe da maɓallai irin na ƙofa, ta miƙa wa mai kallo ya naɗe ko ya buɗe yadda ya so. Jesús Rafael Soto na Benezuwela ya rataye dubban siraran tiyo daga sama, mutum ya kutsa ciki ya ratsa. Ernesto Neto, shi ma ɗan Barazil, yakan cika yadi mai talewa da kanumfari da kurkur ya rataye, hanci ya riga ido sanin aikin. A irin wannan aiki, wanda ya zo kallo shi ne ke ƙarasa shi, domin in babu hannun da ya girgiza igiya, babu sautin da zai fito.

Abin da za mu gina a nan rumfa ce ta ƙarfe mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, tsayin mita 2.4. Mutum zai shiga ta gefe ɗaya ya fita ta ɗaya, yana ratsa igiyoyi masu laushi da masu kaushi, yana kaɗa bututu da caki, yana jin ƙamshi, ƙafarsa kuma na taka ƙasa iri uku. Babu surar mai rai a cikinta, saboda haka tana zama a farfajiyar makaranta, ɗakin baje koli ko filin unguwa ba tare da an yi ta ce-ce-ku-ce ba. Abu ɗaya da za ka riƙe tun daga farko: kada ka gina wa baƙo mai natsuwa. Ka gina wa yaron da zai kama igiya ya yi lilo da ita, don tabbas zai zo.

Kayan aiki

Injin walda da sandunansa, injin gurza ƙarfe wanda masu walda ke kira giranda, injin huda da bakin milimita 5 da na 6, zarton ƙarfe, magagari, samfefa mai kaushi da mai laushi, tef ɗin awo, ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa, guduma, filaya, almakashi, basilla, buroshin fenti, shebur da diga. In ba ka iya walda ba, kada ka koya a kan wannan aikin. Ka ba mai walda da ya ƙware, ka tsaya a kansa da zanenka a hannu.

Kayan haɗi

- Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, inci 2, kaurin milimita 2: sanda 9. Tsawon sanda yakan kama daga mita 5.5 zuwa 6, ka auna da kanka kafin a yanka.
- Irinsa mai inci 1: sanda 5.
- Sarƙa mai kauri, wadda za a tsinka a samu zobba 100.
- Bututun alminiyom zagayayye mai faɗin milimita 25, mita 7, duk daga samfuri ɗaya.
- Igiyar nailan saƙaƙƙiya ta milimita 4, mita 200.
- Siraran sandunan gora masu kaurin yatsa, da tiyo mai laushi mita 40.
- Caki 6, ƙwallon goruba 12, murafan kwalbar lemo 200.
- Jemammiyar fatar akuya 2, ƙyallayen saƙi da na atamfa, kaba, farin yadi gaba 2.
- Ƙajiji ko jema, da kanumfari.
- Ragar ƙarfe mai idon santimita 5, tsawon mita 1.5, faɗin mita 1.
- Katako na gefe, tabarmar kaba, rairayi, zana ko asabari.
- Siminti buhu 3, yashi da tsakuwa, jan fenti mai hana tsatsa, da fentin mai launi mai haske.

A Kano ana samun ƙarfen a Ƙofar Ruwa, fata da caki da kayan ƙamshi a kasuwar Kurmi. A Kaduna, Panteka. In za ka ɗauki tsohon ƙarfe don rage kashe kuɗi, ka guji duk abin da ya fito daga batir ko durom ɗin sinadari, da ƙarfen da tsohon fentinsa ke ɓarewa, domin wani tsohon fentin yana ɗauke da darma, yara kuwa sukan kai hannu baki.

1. Zaɓen wuri

Ka je wurin sau uku: da safe, da azahar, da la'asar. Ka ga inda rana ke duka da inda iska ke shigowa. Ƙarfen da ya sha ranar Maris ko Afrilu yana ƙona tafin hannu, saboda haka gindin darbejiya ko gefen gini mai inuwa ya fi fili tsirara. Wannan aiki yana ƙara, kuma ƙarar ba ta yankewa in yara sun gano shi. Ka nisanta shi da masallaci, da tagar aji, da ɗakin marasa lafiya. Ka nemi izinin mai wurin, shugaban makaranta ne ko mai unguwa, ka kuma faɗa masa gaskiya cewa abin zai tara jama'a. A bar fili mita 2 a ƙofar shiga da ta fita.

2. Gwajin ƙarami

Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, ka ɗaura igiya tsakanin bishiya biyu, ka rataye igiyoyi goma da abubuwan da kake son amfani da su, ka ratsa ta ciki da idonka a rufe. A nan za ka san abin da ke dukan fuska, da wanda ke kama ɗankwali, da wanda ba ya cewa komai a hannu. Yini ɗaya ya isa.

3. Yanka da walda

Daga sanda 6 na inci 2 ka fitar da ginshiƙai 6, kowanne mita 2.9, domin santimita 50 za su shiga ƙasa. Ragowarsu za su ba ka gicciye 3 masu mita 2, da tokare na kusurwa masu santimita 50. Sauran sanda 3 su ne dogayen sama masu mita 3: biyu a gefe, ɗaya a tsakiya. Wannan na tsakiyar shi ake yawan cirewa don tsimi, kuma kuskure ne, saboda in babu shi ƙaramin bututun mai inci 1 da za a jera a kan rufin zai ratsa mita 2 ba mataimaki, ranar da babban yaro ya rataya a tsakiyarsa sai ya lanƙwashe.

A haɗa rufin a ƙasa, a kan daɓe mai daidai. Kafin a ƙarasa walda, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu. Kowanne ya ba da mita 3.61 ko kusa da haka, kuma su zo daidai da juna. In sun bambanta, rufin ya karkace, a gyara tun yana ɗigon walda.

Sai a yanka na inci 1 gida 10, kowanne mita 2, a jera su a kan rufin da tazarar santimita 25. Tare da gicciyen tsakiya, layi 11 ke nan. A ƙarƙashin kowane layi a yi waldar zoben sarƙa 7, su ma da tazarar santimita 25. Wuraren rataya sun zama 77. Dalilin zoben shi ne, igiyar da aka ɗaura kai tsaye a bututu mai kusurwa, kusurwar ce ke cin ta a hankali har ta tsinke ba a lura ba.

In ƙarfen da ka samu mai farin rufi ne na tutiya, a gurje rufin a wurin walda, a yi aikin a sarari, domin hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Bayan walda a bi kowane haɗi da giranda, a toshe bakin kowane bututu da guntun ƙarfe don kar ruwa ko rina su shiga.

Inda babu mai walda, ana yin rumfar da azara ko katako mai inci 4, a haɗa da noti mai ratsawa. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe abin da ake girgizawa kullum. A shafe gindin da baƙin mai saboda gara, amma iya abin da zai shiga ƙasa, kar ya hau inda hannu ke kaiwa.

4. Fenti da kafawa

Jan fenti mai hana tsatsa shafi ɗaya, sannan fenti mai haske shafi biyu. Baƙi da shuɗi mai duhu suna da kyau a ido, amma suna tara zafi. A bar shi ya sha iska mako guda, in ba haka ba warin fenti zai danne duk ƙamshin da ka wahala a kansa.

A haƙa rami 6, kowanne santimita 30 da 30, zurfin 50. Kwaɓin kankare: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Buhu biyu za su isa, na ukun ka ajiye shi, yana da aiki a gaba. A tsayar da ginshiƙai, a duba miƙewarsu ta fuska biyu, a tokare su da katako, a zuba kankare. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, kuma kar a rataya komai kafin nan. In a cikin ɗaki ne da ba a yarda a haƙa ba, a yanke ginshiƙan a mita 2.4, a yi wa kowanne tafin ƙarfe mai santimita 30 da 30, a haɗa gindinsu da ƙarfe ta dogayen gefuna biyu, a danne da buhunan yashi da aka lulluɓe da tabarma.

5. Bututun sauti

Wannan matakin ya fi kowanne bukatar haƙuri, shi ne kuma ke raba aikin da ke da daɗin ji da tarin ƙarafa masu hayaniya. Ƙa'idar ba ta da yawa: gajeren bututu muryarsa siririya ce, dogo kuma mai kauri. Sannan kowane bututu yana da wuri biyu da ba sa rawa in an buge shi, suna nan a kashi 22.4 cikin ɗari na tsawonsa daga kowane baki. A nan ake huda. In ka huda kusa da baki ko a tsakiya, igiyar za ta shanye rawar, sai ka ji "ƙwas" maimakon amo mai ja.

Ga awo shida da muryoyinsu ke tafiya tare, duk yadda aka buga su ba sa karo. Lamba ta farko tsawon bututu ce, ta biyu nisan huda daga baki, duk a santimita:

- 60, huda a 13.4
- 56.6, huda a 12.7
- 53.7, huda a 12
- 49, huda a 11
- 46.5, huda a 10.4
- 42.4, huda a 9.5

A yanka biyu-biyu, su zama 12, shida a kowane gefe. Awon nan yana aiki ne kawai in duk bututun faɗinsu da kaurinsu ɗaya, don haka kar a gauraya na wannan shago da na wancan. Ka yanka kowanne da ƙarin milimita 2, ka riƙe shi da yatsu biyu a wurin hudar, ka buga ka saurara, ka rage da magagari kaɗan-kaɗan. Ragewa na ɗaga murya, abin da ka rage kuwa ba ya dawowa. Na farko da na ƙarshe su zama murya ɗaya, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kamar babba da yaro suna rera baiti guda. In kunnenka bai tabbatar ba, ka kira makaɗi ya saurara.

A huda ta ratsa bango biyu, sama da ƙasa, a goge bakin hudar sosai har igiya ta wuce sumul. Igiyar sama ta tafi zobe. Ta ƙasa kuma ta tafi ƙugiyar da ke jikin katakon gefe da za a kafa a mataki na 9, da sassauci kamar na santimita 5. Wannan igiyar ta ƙasa ita ke hana bututun yin lilo ya sami goshin wani. In ka ɗaure ta tamau, sautin ya mutu. Tsakiyar bututun ya tsaya kimanin santimita 110 daga ƙasa, inda yaro da babba da mai keken guragu duk za su kai.

Abin bugu ƙwallon goruba ne da aka huda aka ɗaura da igiyar da ba ta wuce santimita 30 ba, a jikin igiyar saman bututun. Goruba tana fitar da murya mai taushi. Noti ko guntun rodi suna fitar da ƙara mai huda kunne, kuma suna lotsa alminiyom. In babu alminiyom, bututun ƙarfe da ake zura wayar lantarki a ciki yana yi, awon bai canza ba, sai dai amonsa bai kai wancan ja ba.

6. Caki da murafan kwalba

Caki shida, uku a kowane gefe, tsakanin bututun. Kada a zuba musu abu iri ɗaya: wani tsakuwa, wani 'ya'yan kuka, wani ƙwayar dawa da aka soya don kar ƙwari su ci, wani yashi mai kauri. Cikin ya zama kashi ɗaya cikin biyar kawai, in ya cika ba ya magana. Duma yana tsagewa in an matsa masa da injin huda, gara a ƙona hudar da ƙusa mai zafi, a sa guntuwar fata ciki da waje kafin a zura igiya. A toshe bakin da itace da gam, a naɗe da fata a ɗinke, yadda yaro ba zai iya buɗewa ya zuba tsakuwar a baki ba. A shafe bayansa da man kaɗanya kaɗan. A bar man gyaɗa, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko ta taɓawa.

Murafan kwalba kuwa suna da kyau da arha, El Anatsui, mai sassaƙa ɗan Gana da ya koyar shekaru da dama a jami'ar Nsukka, ya nuna wa duniya abin da za a iya yi da su. Amma bakinsu yana yanka, kuma aikinmu na taɓawa ne. Mafita ita ce a ɗaga su sama. A daddage su da guduma, a huda tsakiya, a zura goma-goma a saman 20 daga cikin igiyoyin tsakiyar rumfar, can sama da santimita 200 daga ƙasa, a yi ƙulli a ƙarƙashinsu da ɗan sarari don su motsa. Mutum yana taɓa igiyar a ƙasa, sai ya ji caccaka a bisa kansa kamar farkon yayyafi a kan kwano, ya ɗaga kai yana neman daga ina.

7. Igiyoyin tsakiya

Zobba biyar na tsakiya a kowane layi, 55 ke nan, nasu abubuwa ne marasa nauyi, saboda su ne ke shafar fuska da kafaɗa. Kowace igiya ta tsaya santimita 60 sama da ƙasa, don kar ta naɗe a ƙafa ko a tayar keken guragu.

Babban haɗari a nan shi ne igiya tsirara, wadda za ta iya zagaye wuyan yaro. Kada ka bar ko ɗaya haka. Kowacce a zura ta cikin guntayen gora ko tiyo masu santimita 25 zuwa 30, da ƙulli a tsakaninsu, yadda za ta lanƙwasa amma ba za ta naɗu ta matse ba. Gaɓar gora ana huda ta da rodi mai zafi, a goge bakinta da samfefa har ta daina kama zare. Kara ya fi arha, sai dai ɓawonsa yana yanka kamar reza in ya tsage. In shi kaɗai ke gare ka, a lulluɓe shi duka da ƙyalle a ɗinke. Kar a bar madauki a ƙarshen igiya, kar kuma a haɗa ƙasan igiyoyi biyu.

A kan tiyon ne za ka yi wasa da abin da hannu ke ji. Wata a naɗe ta da fata ɓangaren santsi a waje, wata ɓangaren gashi-gashi. Wata da kitson kaba, wata da saƙi mai kauri, wata da yadi da aka cusa wa auduga. Kada ka watsa su barkatai. Mita ta farko ta zama mai laushi, don mai ɗari-ɗari ya saki jiki. Ta tsakiya gora, mai sanyi da ƙwanƙwasa. Ta ƙarshe fata da kaba. Rinin da ke zuba yana ɓata farar riga, kuma mutumin da ya fita da shuni a kafaɗa ba ya dawowa. A jiƙa farin ƙyalle a goga wa kowane yadi da fata mai launi, duk wanda ya bar alama a wanke shi ko a cire.

8. Ƙamshi

Rumfar mita 3 ba ta ɗaukar ƙamshi sama da biyu. In ka sa biyar, hanci zai ji kamar teburin mai kayan yaji ne kawai. Ƙajiji ko jema a ƙofar shiga, kanumfari a ta fita. Zobba huɗu da suka rage a kusurwoyi nasu ne. A ɗinka jaka mai ninki biyu da farin yadi, a zuba cikin tafi biyu, a ɗan farfasa shi a turmi ba tare da ya zama gari ba, a ɗinke bakin. Gari yana fita ta yadi ya shiga ido ya sa atishawa, masu asma kuma yana tayar musu da ciwo. Barkono, masoro da citta ba su da wuri a nan. Jaka biyu a tsayin santimita 140, biyu a 90 saboda yara. Matsawa da hannu ita ke fitar da ƙamshin, don haka ka bar jakar da ɗan sakwa-sakwa. Turaren wuta kuwa a manta da shi gaba ɗaya: zana, kaba da auduga duk abincin wuta ne.

9. Ƙasa da inuwa

A kafa katako mai tsayin santimita 10 a gefe biyu, a bar hanya mai faɗin santimita 120 a tsakiya. Katakon nan yana riƙe abin da aka shimfiɗa, yana ɗaukar ƙugiyoyin bututu, kuma shi mai larurar gani zai bi da sandarsa. A daɓe ƙasar ta yi tauri. Mita ta farko tabarmar kaba da aka kafe gefenta, ta biyu rairayi da aka tankaɗe, kaurin santimita 2 kawai don taya kar ta nutse, ta uku fasassun gora da aka goge aka jera bayansu a sama. Kar a samu tudu tsakanin kashi da kashi. Sama kuma a ɗaura zana ko asabari don inuwa, da ɗaurin da za a iya kwancewa da sauri in hadari ya taso, domin iskar farkon damina tana ɗaukar rufin zana kamar faifai.

10. Bangon ƙyallaye

A yi waldar ragar ƙarfen a rabin gefe ɗaya ta waje, daga santimita 60 zuwa 160. A ajiye kwando cike da ƙyallaye masu faɗin yatsa biyu da tsawon taƙi ɗaya, teloli suna zubar da irinsu kullum. Duk wanda ya fito ya zaɓi ɗaya ya ɗaura inda ya ga dama. A ranar farko raga ce tsirara, bayan mako biyu ta zama bango mai launi da babu wanda ya tsara shi. Kada ka gyara wa mutane ɗaurinsu, ko da ka ga launukan ba su dace ba a idonka. Wannan ɓangaren nasu ne. Abin lura kawai, in ragar ta cika tana tare iska, shi ya sa ba a rufe gefen duka.

11. Gwaji kafin buɗewa

Buhun simintin da ka ajiye kilo 50 ne. A rataye shi a zobba ɗaya bayan ɗaya, aƙalla biyu a kowane layi, a ɗan girgiza. Zoben da ya motsa a sake waldarsa. Mutum biyu su tura rumfar daga kusurwa, in ta yi rawa a ƙara tokare. Sannan a ɗauki dunƙulen auduga a shafi duk inda hannu zai kai: inda auduga ta maƙale, nan fata za ta yage. A duba ramuka da tazara: duk sararin da ke tsakanin santimita 9 da 23 a jikin abu mai tauri yana iya riƙe kan yaro, hudar da ke tsakanin milimita 8 da 25 kuma tana riƙe yatsa. A toshe ko a faɗaɗa. Duk abin da bai kai santimita 3 ba kuma zai iya cirewa, a ɗauke shi.

Bayan nan ka gayyaci mutum kamar goma, da yara da tsofaffi, da mai larurar gani in ka samu wanda ya yarda. Kada ka yi musu bayani. Ka koma gefe da takarda, ka rubuta abin da aka fara taɓawa, da inda aka tsaya aka daɗe, da abin da kowa ya wuce bai kula ba. Wanda aka wuce ɗin, yawanci tsayinsa ne bai yi ba ko yana cikin duhu. A matsar da shi a sake gwadawa.

12. Ranar buɗewa da kulawa

Mutane sun saba da hani, za ka ga sun tsaya a bakin ƙofa hannu a baya. Allo mai kalma uku ya wadatar: "Shigo, taɓa, kaɗa." Abin da ya fi allo aiki shi ne mai tsaro ya shiga da kansa ya buga bututu ɗaya, ya matsa jakar kanumfari ya sansana. Dole a samu mai tsaro duk lokacin da rumfar ke buɗe. Shiga ta fuska ɗaya ce, mutum huɗu a lokaci guda, kuma da yake hanyar matsattsiya ce, a riƙa shigar da mata rukuninsu, maza rukuninsu. A ajiye buta da sabulu a ƙofar shiga. Lokacin salla a zagaye bututun da dogon ƙyalle a ɗaure, su yi shiru.

Kowace safiya, kafin kowa ya cire takalmi, a ɗaga tabarma a tona rairayin da tsintsiya saboda kunama. A bi igiyoyi a wurin zobe da wurin hudar bututu, nan suke fara ci. Nailan da ke shan rana yakan yi fari ya fara gari a hannu, da ka ga haka a canza shi ko bai tsinke ba. Kanumfari yana riƙe ƙamshi makonni in ana matsa shi, jema kuwa ɗan yayyafin ruwa ke tayar da ita, amma a bar jakar ta bushe kafin dare don kar ta yi fumfuna. Ka ajiye igiyoyi shida da caki biyu da aka riga aka haɗa, don wanda ya lalace a maye gurbinsa cikin minti biyar. In damina ta kankama, a kwance fata da caki da jakunkunan ƙamshi a shigar da su ɗaki, a rataye su, kar a tara su a buhu.